Don 'yar wa aka gina makarantar nan?

Watan jiya aka aiko mini da takardar gayyata daga makarantar 'yan mata da na yi sakandare a nan cikin garin Bauchi. Za a yi bikin tunawa da kafa ta, kuma kwamitin biki yana son mu 'yan sahun farko kowace ta rubuto abin da take iya tunawa, a haɗa a buga ɗan littafin tarihin makaranta. Na yi murna sosai, har na buɗe tsohuwar akwatina na zaro hotonmu na aji ɗaya, wanda muka jeru a gindin bishiyar darbejiya ƙafafunmu duk ƙura.

A cikin makon da takardar ta zo ne kuma maƙwabciyata mai tuyar masa a bakin layinmu ta yi sallama da hantsi, tana riƙe da hannun 'yarta. Yarinyar na sanye da kayan wannan makarantar tamu, idanunta sun yi jawur. An koro ta saboda cikon kuɗin zango, saura kwana kaɗan a shiga jarrabawa. Uwar ta ce, “Yaya, ke kin san mutanen nan. Ki roƙa mini su bar ta ta rubuta, wallahi zan cika, masa ce ba ta tafiya kamar da.” Takardar gayyatar tana kan tebur a gabana lokacin da take maganar.

Ba zan faɗi sunan makarantar ba. Ita ta mayar da ni mutum, kuma abin da ke damuna game da ita yana damun ire-irenta da yawa daga Bauchi zuwa Azare har Gombe. Abin da nake so mu duba shi ne wannan: makarantar 'yan mata mai zaman kanta da jama'a suka gina da guminsu tana da alkawari a wuyanta, kuma tarihin kafa ta shi ne shaidar alkawarin. Ranar da 'yar talakan unguwa ta kasa shiga, an karya shi, ko da kuwa kowace shekara ita ke zuwa ta ɗaya a jarrabawar WAEC.

Wata tsohuwar malamar firamare ce ta kafa tamu, wadda duk muke kira Gwaggo, Allah ya jiƙanta. Lokacin Gombe ba ta ma fita daga jihar Bauchi ba, wato kafin 1996. Shekara da shekaru tana koyar da aji shida, tana ganin abu guda yana maimaituwa: yarinyar da ke doke maza a lissafi, baɗi sai ta gan ta a Kasuwar Wunti da farantin talla a ka, baɗin baɗaɗa kuma an kai ta ɗaki. Da ta yi ritaya sai ta ɗauki mayafinta ta shiga bin gidaje zaure zaure, tana tambayar iyaye maza dalili. Ba ta je da wa'azi ba, sauraro ta je yi. Amsoshin kuwa ba su wuce huɗu ba. Wani ya ce makarantar kwana ta yi nisa, ba zai iya wata uku bai sa 'yarsa a ido ba. Wani ya ce ta jeka-ka-dawo cakuɗe take da maza. Wani ya ce boko zai cinye lokacin Alƙur'ani. Da yawa kuma suka ce ba su da kuɗi.

Ina laɓe a bayan labulen zaure ranar da ta zo wurin mahaifina, wanda tela ne. Ta ce masa, “Malam, mata zalla ne, a cikin unguwa, ta tafi da safe ta dawo kafin la'asar, kuma da karatun Alƙur'ani za a buɗe kowace rana. Maganar kuɗi ka bar mini. Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka zo ka ɗauke ta, ba sai ka nemi izinina ba.” Baba ya yi shiru ya daɗe yana juya almakashi a hannunsa, sannan ya ce, “Hajiya, na ba ki. Allah ya taya ki riƙo.”

A gidan haya mai ɗaki uku muka fara, a kan tabarma. Bencinanmu na farko kuɗin adashin matan unguwa ne, suka yarda aka bar kwasa guda ba wadda ta ɗauka. Wani kafinta ya yi allunan bango bai karɓi ladan aiki ba. Daga baya wani ɗan kasuwa ya ba da fili wakafi, aka rubuta takarda gaban mai unguwa da liman, aka ce don karatun 'ya'ya mata na Musulmi, musamman marasa ƙarfi. Mai hali yana biyan kuɗin makaranta cikakke, marar hali ya kawo abin da ya samu. Akwai uwar da shara take zuwa yi kullum da asuba a madadin kuɗin 'yarta, kuma ba wanda ya taɓa nuna yarinyar da yatsa, don mu kanmu ba mu sani ba sai da muka girma. Baba shi ya riƙa ɗinka kayan makaranta na ajinmu, a haka aka biya nawa.

Gwaggo ba ta taɓa cewa ita ta ƙirƙiro wannan hanya ba. Kullum sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana bakinta. Nana, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo gaban malami ba, sai ta kafa 'Yan Taru. Tana zaɓen mace mai hankali da shekaru, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malafa, ta koya mata waƙoƙin ilimi da Hausa da Fulatanci, ita kuma jajin ta koma ƙauye ta koyar. Tun kafin nan mahaifinta ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a gida. Ga mu mutanen Bauchi, wannan ba labarin wasu ba ne, don Malam Yakubu da ya kafa garin nan almajirin Shehu ne, kuma daga hannunsa ya karɓo tuta, kamar yadda Buba Yero ya karɓo ta Gombe. Abin lura a tsarin Nana shi ne wa ta nufa. 'Ya'yan gidan malamai da na sarauta dama suna samun karatu a cikin gida. Matar ƙauye da ba ta da kowa, ita aka yi wa jaji.

Da Turawa suka zo sai abin ya juye. Makarantun mata na farko da suka buɗe a Arewa, a Kano da Katsina wajen 1930, yawancin ɗalibansu daga gidajen sarauta da na ma'aikatan En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, aka ɗebo su, abin da aka fi koya musu kuma ɗinki ne da tsabta da kula da gida. Cibiyar horar da malamai mata ta Sakkwato sai 1939 aka buɗe ta. Talaka ya ga abin a matsayin na manya, ko kuma tilas ɗin da ake ɓoye yara saboda shi. A nan Bauchi ne a farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa zaman tattaunawa kan halin da Arewa ke ciki, kuma Malam Aminu ya ƙare rayuwarsa yana nanata cewa al'umma ba za ta tashi ba matanta na zaune cikin duhu. Amma duk da haka sai a ƙarshen shekarun 1970 matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Bauchi, ya cika azuzuwa da yara mata, sai dai bai amsa tambayar ina za su je bayan aji shida ba. Kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya da ke nan Bauchi da sauran na jiha sun yi aiki babba, sun fitar da likitoci da alƙalai, amma kujerunsu ƙidayayyu ne, kuma mafi yawansu na kwana ne.

Wannan giɓin ne mata irin su Gwaggo suka shiga cikewa, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da aka kafa a Minna a 1985, wadda ta buɗe makarantu a jihohi da dama. Giɓin kuma bai rufe ba har yau. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 kyauta, firamare da ƙaramar sakandare. Daga aji uku zuwa babbar sakandare, daidai lokacin da yarinya ta fara zama budurwa, masu neman aure sun fara aiko gaisuwa, uwa kuma tana lissafin kayan ɗaki, nan ne dokar ta saki hannunta. A wannan gaɓar muke asarar 'yan mata, kuma don wannan gaɓar aka kafa makarantarmu.

Yau idan ka je ba za ka gane wurin ba. Bene hawa biyu, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ɗakin kwamfuta, motocin ɗaukar ɗalibai, an kuma rubuta manufar makaranta da Turanci da manyan baƙaƙe a jikin katanga. Ina alfahari da wannan, don mu a littafi kawai muka ga hoton madubin ganin ƙwayoyin cuta. Da safe motoci ne ke jeruwa daga unguwannin masu hali suna sauke yara. Da lokacin tara kuwa, in ka tsaya a bakin ƙofa, za ka ga 'yan mata sa'o'insu da bokitin awara da na zoɓo suna jiran a fito su yi ciniki. Na san wasu daga cikinsu. Jikokin matan da suka bar kwasar adashinsu ne aka sayi benci.

Na je na samu shugabar makarantar kan maganar 'yar maƙwabciyata, kuma dole in yi mata adalci. Ba ta ɓoye mini komai ba, littafin kuɗi ta buɗe a gabana. Ta ce, “Anti, duba nan. Malamin kimiyyar lissafi in ban ƙara masa ba wata makaranta za ta ɗauke shi. Ga man janareta, ga na motoci, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya ninka. Ga masu gadi.” Kan masu gadin nan babu mai musu. Tun daga daren 14 ga Afrilun 2014 da aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, sai Dapchi a 2018, sai Jangebe a 2021, duk mai riƙe da makarantar mata a Arewa ba ya barci da ido biyu rufe. Katanga mai tsawo da waya da fitila da maigadi dare da rana sun zama wajibi, kuma kuɗi suke ci. Ta ce in ta yi wa kowa uzuri, ƙarshen wata ba albashi, malamai su watse, mai hali ya cire 'yarsa, marar halin ma ta rasa inda za ta zauna.

Gaskiya ta faɗa, kuma ban ga alamar haɗama a tare da ita ba. Inda na saɓa da ita shi ne a kan yadda aka kai ga wannan hali. Gwaggo a kan duwatsun murhu uku ta ɗora tukunyarta: kuɗin da iyaye ke biya, da wakafi da sadakar masu hali, da kuma hannun mutanen unguwa. Sannu a hankali aka janye biyu. Aka daina zuwa wurin 'yan kasuwa, don ana ganin roƙo ya zubar da darajar makaranta. Aka daina karɓar aiki a madadin kuɗi, don akanta ba shi da gurbin rubuta shara. Matan unguwa da a da su ne 'yan kwamiti, aka maye gurbinsu da masu manyan takardu waɗanda ba sa kwana a unguwar. Tukunya ta koma kan dutse ɗaya, duk lokacin da ta karkata kuma sai a ƙara kuɗin makaranta, kowane ƙari kuwa yana zubar da wasu yara daga ƙasa. Ba a taɓa zama an yanke shawarar korar talaka ba. Zango bayan zango aka yi ta yi har aka wayi gari babu shi.

Akwai masu cewa ilimin ɗan talaka aikin gwamnati ne, mai zaman kanta kasuwa ce, mai iya saye ya saya. Rabin farko na maganar na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ba zan daina matsa wa gwamnati kan azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa ba. Wanda ya ci bashin banki ya gina makarantarsa don riba, ya kuma faɗa a fili, ba ni da ja da shi. Amma wadda ke zaune a kan filin wakafi hukuncinta daban. A shari'a sharaɗin mai wakafi abin kiyayewa ne, ba a sayar da shi, ba a gādonsa, ba a karkatar da amfaninsa daga waɗanda aka ambata. Mutumin nan da ya ba da fili ya rasu yana sa ran lada na gudana zuwa kabarinsa duk ranar da 'yar marar ƙarfi ta buɗe littafi a wurin. Zaman kanta da makarantar ke taƙama da shi, ma'anarsa gwamnati ba ta juya ta. Bai 'yantar da ita daga mutanen da suka gina ta ba.

Akwai kuma dalilin da ya wuce unguwa ɗaya. Mu ne mutanen da miji zai tsaya a asibiti ya ce namiji ba zai duba matarsa ba, kuma ina fahimtar kishinsa. To likita mace da ungozoma daga ina za su fito? Duk wadda ta taɓa shiga cibiyar kula da masu yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi ta ga 'yan mata ƙanana da doguwar naƙuda ta lalata wa rayuwa, ta san abin da rashin ungozoma a kusa yake jawowa. A abin da na gani cikin shekarun da na yi ina koyarwa, 'yar mai hali in ta gama takan nufi Abuja ko ƙasar waje, kuma ba laifi ba ne. Wadda za ta yarda ta zauna a ƙaramin asibitin Darazo ko Alƙaleri ko Toro ta kwana tana karɓar haihuwa, galibi 'yar talaka ce da ta san zafin abin a jikin uwarta ko yayarta. A cikin ajinmu na tabarma, waɗanda suka zama ma'aikatan jinya da malaman firamare a ƙauyuka kusan duk daga cikin waɗanda ba su iya biya ba ne. Makarantar da ta rufe musu ƙofa ta yanke igiyar da ke kai amfaninta ga jama'a.

Ban ce a rage ingancin karatu ba, ban kuma ce a mayar da kowa kan tabarma ba. Abin da nake nema a mayar da duwatsun murhun nan. Gaban makarantar yana kallon titi mai ciniki, kuma katangar da ke wurin za ta ɗauki jerin shaguna. A gina su da gudummawar tsofaffin ɗalibai, a rubuta su wakafi, hayarsu ta tafi asusu na daban da ba a taɓa shi don fenti ko sabuwar mota, sai kuɗin karatun yaran unguwa. Mu tsofaffin ɗalibai muna da yawa, akwai likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai malaman jami'a, akwai 'yan kasuwa, kuma muna da zaure a WhatsApp da ba ya rasa ankon biki kowane wata. In kowane aji da ya fita ya ɗauki nauyin yarinya ɗaya daga aji ɗaya har ta gama, an cike benci guda a kowane ɗaki. Wannan nauyin namu ne, ni ma ina ciki, kuma mun daɗe muna kawar da kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne korar yarinya daga aji a gaban ƙawayenta. Bashin tsakanin makaranta da uba yake, yarinya ba ta ci ba. 'Yar shekara 15 da aka kira sunanta aka ce ta ɗauki jakarta, ta bi titi ita kaɗai da hantsi cikin kayan makaranta, an koya mata darasin da ba ya gogewa. Da yawansu ba sa komawa ko an biya, don kunya. Kuma a gidan da dama uban yana ɗari-ɗari, kora ɗaya ta isa ya ce to shi ke nan, ga mai nema nan ya fito. A kira uba ofis, a yi yarjejeniya, a karɓa kaɗan-kaɗan, a karɓi ɗinki ko aikin kafinta ko masar kalaci in ita ce ke akwai, yadda aka karɓa daga hannun mahaifina. A kuma dawo da kujera ko biyu a kwamitin amintattu ga iyaye mata na unguwa, don su ne za su san gidan da aka yi rasuwa da gidan da jari ya karye kafin sunan yarinya ya hau takardar masu bashi.

Abin da na rubuta wa kwamitin biki ke nan, da ɗan sassauci. Na roƙe su kada littafin ya tsaya ga hotunan bene da jerin shugabanni da kofunan gasa. A sa sunayen matan adashin nan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke raye a kawo su a zaunar da su a layin gaba. A sa sunan kafinta. A ɗauki hoton takardar wakafin, da ajaminta da sa hannun liman, a buga ta a shafin farko, a kuma fassara sharaɗinta da Hausa a rubuta a jikin katanga kusa da wancan na Turanci, inda mai sayar da awara za ta iya karantawa.

'Yar maƙwabciyata ta rubuta jarrabawarta. Mu huɗu 'yan ajinmu muka haɗa cikon, shugabar kuma ta yafe wani abu daga ciki da kanta. Jiya da yamma yarinyar ta kawo mini masa a kwano an rufe da faifai, ta tsuguna ta ce Innarta na gaishe ni, sannan ta tambaya ko ina da tsohon littafin kimiyyar halittu na aji biyar, don tana so ta fara dubawa kafin a koma hutu. Na ce ta dawo ranar Asabar bayan taron kwamiti, zan nemo mata.